Wa Zai Ja Kunkuru

Litinin, 3 ga Maris, da hantsi

Mun same shi! Don murna rubutun ma ya ƙi miƙewa. Gida ne mai taya, irin wanda ake maƙalawa a bayan a-kori-kura a ja, fari mai ratsin ruwan ƙasa. Wani tsoho ne a garin Anadarko yake sayarwa, wai gwiwoyinsa sun gaji da hawa matakala. Ɗakin kwana a gaba, gado mai hawa biyu a baya na yara, sai kicin da in na buɗe hannuwana zan taɓa wannan bangon da wancan. Mijina Garrett ya shiga banɗakin ya zauna ya ce in rufe ƙofa mu gani, gwiwarsa ta tokare ƙofar. Muka yi ta dariya har tsohon ya leƙo ya ga ko lafiya. Rabon da mu yi dariya tare ni da shi tun kafin Kirsimeti.

Junie, da yake ta shekara bakwai yanzu ita ke raɗa wa komai suna, ta ce Kunkuru ne, tunda shi ma da gidansa yake yawo. Ƙaninta Boone kuwa ya haye gadon sama ya ƙi saukowa sai da aka yi masa alkawarin alewa.

Bari in rubuta yadda abin yake don in riƙa gani da idona. Garrett ya samu aikin waldar bututun gas can nesa a jihar Wyoming, za a fara farkon Afrilu, sai ƙarshen shekara a gama. Ni kuwa tun ran da ya dawo daga aiki a garin Pecos, na gano abin da ya yi da wata mace a otal, na gaya masa ba zai ƙara tafiya aiki shi kaɗai ya bar ni da yara ba. Ko dai ƙafata ƙafarsa, ko in kwashi 'ya'yana in koma gidan Mama, kowa ya kama gabansa. Mai gidan da muke haya kuma yana son amsa kafin wata ya ƙare, za mu zauna ko za mu tashi.

Tashi za mu yi mana! Ina murna.

Laraba, 5 ga Maris, lokacin abincin rana

Na faɗa musu zancen tafiyar a shagon gyaran gashin da nake aiki. Uwar ɗakina Tammy Jo ta ajiye almakashi ta riƙe ƙugu.

"Ke Shelby, ku huɗu a cikin gwangwanin kifi? To in kun yi faɗa ina za ki je ki yi fushin?"

Na ce, "Gadon sama."

Matar da take yi wa rini ta kwashe da dariya har rinin ya gangaro mata wuya. Tammy Jo ta ce to matan da na daɗe ina yi wa gashi fa, haka zan watsar da su kamar ba da wahala na tara su ba? Na ce almakashi ba shi da nauyi, kuma matan masu walda ai ba da sanƙo suke yawo ba. A ƙarƙashin rumfar Kunkuru zan kafa kujera, duwatsun Wyoming a bayana. Wa ya taɓa samun shago mai irin wannan bango?

Da za ta wuce ta bayana ta rage murya ta ce, "Kin dai tabbata?" Na ce ta ga hoton kicin ɗin kuwa? Na nuna mata.

Asabar, 8 ga Maris, da yamma

Kunkuru ya iso! Garrett ya ajiye shi a bakin titi ƙofar gida, maƙwabta sai fitowa suke da kofin kofi a hannu kamar an kawo amarya. Na wanke shi ciki da waje, na ɗaura labule rawaya. Mun soya fanke a kan ɗan murhun gas ɗin, hayaƙi ya tayar da ƙararrawar gobara, Boone ya toshe kunne yana tsalle.

Garrett ya nuna min tankin ruwan sha da tankin ruwan wanke-wanke da na bayan gida, da yadda ake zazzage kowanne. Na ce na ƙarshen nan nasa ne har abada. Ya ce, "Na yarda, ranki ya daɗe." Kwanan nan duk abin da na ce sai ya ce ya yarda.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan la'asar

Abinci a gidan Mama bayan an tashi daga coci. Ta soya kaza, ta yi burodin masara, ta zuba wa Garrett nasa ba tare da ta dubi inda yake ba. Sannan ta fara, ni take wa magana amma da shi take.

Lokacin guguwa ya kusa, a wane rami za mu ɓuya in ta taso? Ƙirjin Boone in ya tashi, wane likita ya san shi a can? Makarantar Junie fa? Gas, taya, kuɗin filin da za mu ajiye gidan, duk ta lissafo, ta ce masu irin wannan zama ba su faɗa wa mutane gaskiya, hoton faɗuwar rana kawai suke nunawa. Na ba ta amsa ɗaya bayan ɗaya, don na yi karatuna. Kowane filin zama yana da ɗakin siminti na fakewa. Maganin Boone zan tafi da shi da yawa. Junie ni zan koyar da ita a gida, rabin matan cocinmu ma haka suke yi. Kuma ko an haɗa duka bai kai riƙe gida biyu ba, ɗaya a nan ɗaya a otal.

Da na ce otal sai muka tuna Pecos. Garrett ya tashi ya ce zai duba iskar taya.

Amma na ci gardamar. Ina murna.

Talata, 11 ga Maris, da yamma

Wayarsa ta yi ƙara muna cin abinci. Ya kife ta. Na ƙara wa Boone wake.

Asabar, 15 ga Maris, da yamma

Yau na san cewa duk abin da na mallaka nauyi ne. Akwai iyakar abin da Kunkuru zai ɗauka, akwai iyakar abin da motar za ta ja, in an wuce birki ba ya kamawa a gangare. Don haka kowa akwati ɗaya. Saura muka baje a ƙofar gida aka yi ta saye kamar kasuwa. Injin wanki ya tafi, kujerun falo sun tafi, wata mata ta tsaya tana yi min ciniki a kan madubin aurena kamar ita ta saya min. Teburin da marigayi Baba ya ƙera ne kawai na hana, an kai gidan Mama.

Da la'asar muka ja Kunkuru zuwa gidan mai, kan sikelin manyan motoci. Matar da ke ciki ta yi magana ta lasifika ta ce mun wuce. Mun wuce! Na tsaya a gefen hanya ina fitar da tukwanen ƙarfen kakata ɗaya bayan ɗaya, ina cewa ba komai, ai tukunya ce. Na fitar da littattafai, na fitar da keken Junie. Sai wani direban tirela da ke kallonmu yana cin gyaɗa ya ce, "Maigida, ba dai da ruwa ka hau sikeli ba?" Ashe Garrett ya cika tankin ruwa dam tun safe don ya gwada famfo, ya manta. Ruwa muke ta jan nauyinsa ina zubar da gadona.

Na bi shi da murfin tukunya muka zagaya motar, yara suna ihu suna "Mama kama shi!" Na kama shi. Ya riƙe ni ya daɗe bai saki ba, har direban ya kau da kai. Tukunya biyu da keken sun koma ciki.

Irin wannan ranar nake so. In a kan hanya ake samun irinta, a tafi.

Litinin, 17 ga Maris, da safe

Ina yi wa Junie kitso ta ce, "Mama, in wani ya tambaye ni ina ne gidanmu, me zan ce?" Na ce ki ce duk inda muka tsaya. Ta ce, "To in ƙawata Paisley za ta zo wasa, ta ina za ta bi?" Na ce za ku riƙa ganin juna a waya. Ta ce a waya ba a lilo.

Na nuna mata hoton barewa da dusar ƙanƙara. Ta ce suna da kyau, amma don ni ta faɗa. Yarinyar nan ta fara koyon halina, kuma ban so ba.

Alhamis, 20 ga Maris, da rana

Ban yi murna yau ba. Gobe zan yi.

Lahadi, 23 ga Maris, da yamma

Na kai wa Mama sauran kwanuka ni kaɗai. Na shirya amsoshina tsaf, na guguwa, na likita, na makaranta. Ba ta tambayi ko ɗaya ba. Muna wanke-wanke, tana wankewa ina gogewa, ta ce,

"Shelby Ann."

In ta haɗa sunan nan biyu na san ba wasa.

"Wa zai ja gidan?"

Na ce Garrett mana, wa kuma?

"To. A nan da abin ya faru, kin ɗauki yara kin zo min da ƙafarki, kin kwana uku kin koma da kika ga dama. Kina da shago, kina da ƙofar da za ki rufe. A can fa? Gidanki yana maƙale a gindin motarsa. In ya sake, Allah ya kiyaye, ki gaya min ta yaya za ki taho. A ka za ki ɗauko gadon yaran?"

Na ce ba zai sake ba.

"Ban ce zai sake ba, 'yata. Ni ma addu'ata ke nan dare da rana. Cewa na yi kin auna tukunya, kin auna keke, wannan ne ba ki ɗora a sikeli ba."

Na ce mata ita dai ba ta son ganina cikin farin ciki. Na ajiye tsumman na fita. A mota na yi kuka, don na san duk lissafin da na yi babu amsar wannan a ciki.

Talata, 25 ga Maris, da hantsi

Mai gidan haya ya kira. Na ce Lahadi zan ba shi amsa. Garrett yana tsaye ya ji, alhali ya ɗauka an riga an gama magana tuntuni. Bai tambaye ni ba.

Juma'a za mu je bakin tafki mu kwana biyu a cikin Kunkuru, gwaji. Yara har sun haɗa kaya. Ina murna. Ina ganin ina murna.

Juma'a, 28 ga Maris, da yamma

Kai, yau mun sha kunya!

Filin da aka ba mu yana tsakanin bishiyoyi biyu, kuma da baya ake shiga. Yadda kowa ke yi shi ne miji yana sitiyari, mata ta sauka ta tsaya a baya tana nuna masa da hannu. Ban san cewa wannan shi ne sinimar mutanen wurin ba. Kafin in zagaya baya tsofaffi sun jawo kujerunsu sun jeru, wani har da gugguru.

Na ce, "Hagu!"

Ya leƙo ya ce, "Hagun wa? Naki ko nawa?"

"Hagu dai, hagu nawa ne a duniya?"

Ya yi hagu, gindin Kunkuru ya yi dama ya nufi teburin cin abinci. Na yi ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ce bai ganina. Na ce ai ba yau ka fara rashin ganina ba. Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Motar ta tsaya cak, masu gugguru suka daina tauna.

Wata tsohuwa mai hular kamun kifi ta taso ta dafa ni. Sunanta Opal, ita da mijinta Vern a kan hanya suke zaune tun da suka yi ritaya. Ta ce, "'Yar nan, sha ruwa. Babu auren da bai girgiza ba a tsakanin bishiyoyin nan, ni na taɓa jifan wancan tsohon da takalmi a nan ɗin nan." Vern ya ɗaga hannu daga kujerarsa ya ce, "Kuma ta same ni." Ta ce ba a cewa hagu ko dama, gefen direba ake cewa ko gefen fasinja. Kuma mai nuni ya tsaya inda direba zai gan shi a madubi, in ya ɓace daga madubi direba ya taka birki.

Da haka muka shiga. Aka tafa mana. Vern ya ɗaga yatsu shida, wai makinmu ke nan.

An gasa nama, yara sun ga kifi yana tsalle, rana ta faɗa cikin ruwa ja wur. Wurin ya yi kyau har ya ba ni haushi. Ni da Garrett ba mu yi magana ba sai "miƙo gishiri".

Asabar, 29 ga Maris, bayan azahar

Bari in rubuta tun abin yana da zafi.

Da safe Opal ta ja yara su je ba agwagi burodi. Garrett yana durƙushe yana duba wayar wuta. Na tsaya a kansa na ce ya haɗa Kunkuru da mota ya fitar da shi, ina so in shigar da shi da kaina.

Ya yi dariya ya ce, "Ke da ko a kasuwa sai kin zagaya neman wurin da ba sai kin yi baya ba?"

Na ce ba wasa nake ba. Ina so in iya ja, in iya baya, in iya haɗawa in iya kwancewa.

"To ai ina nan, me za ki yi da…"

Bai ƙarasa ba. Na ga lokacin da abin ya isa gare shi, fuskarsa ta sauya. Ya ajiye wayar wutar a hankali ya miƙe.

"Don ki iya tafiya ba tare da ni ba ne."

Na ce, "E."

Ban ƙawata masa ba. Na ce ina son tafiyar nan kamar in yi tsuntsuwa, ina son shi, ina son labulena rawaya. Amma ba zan kai 'ya'yana wata uwa duniya in zauna a gidan da ba zan iya motsawa ba sai da izininsa. In zan zauna da shi a Wyoming, ina so ya zama zama nake don na ga dama.

Ya juya yana kallon tafki. Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai ce in ban yarda da shi ba a fasa. Har na fara tunanin ta ina zan fara gaya wa Junie.

Sai ya sa hannu a aljihu ya miƙo min mabuɗi. Ya ce, "Gyara kujerar, ƙafarki ba za ta kai ba."

Ya ari mabuɗin ya fitar da Kunkuru, ya mayar min, na hau. Ya tsaya a taga ya kama hannuna ya ɗora a ƙasan sitiyari, ba sama ba. Ya ce, "Inda kike son gindinsa ya nufa, nan za ki kai hannun. Kaɗan-kaɗan. In ya karkace kada ki yi kokawa da shi, ki yi gaba ki miƙe ki sake." Hannunsa sanyi ƙalau. Sannan ya zagaya baya ya tsaya.

Jama'a kuwa kujeru sun fito! Har sun fi na jiya, don ba kullum suke ganin miji a baya yana kaɗa hannu ba. Wata ta ɗaga murya ta ce, "Yauwa 'yar uwa, nuna musu!" Na farko na kusa kwashe famfon ruwa. Na biyu Kunkuru ya lanƙwashe har na ji ƙarfe yana kuka. Gumi ya jiƙa min riga sharkaf. Garrett bai ɗaga murya ko sau ɗaya ba, sai dai "Gefen direba, Shel. Kaɗan. Tsaya. Yi gaba ki sake." Ban san sau nawa na sake ba. Can sai na ga bishiyar nan ta wuce ta wannan madubin, waccan ta wuce ta wancan, shi kuma ya haɗa hannuwansa sama alamar tsaya.

Na shigar da shi! Ni! Na diro ina ihu, Junie ta taho a guje ta ɗane ni, Opal ta jefa hularta sama. Vern ya ba ni takwas, na ce kai tsoho ka ji tsoron Allah, ya ƙara rabi.

Garrett yana tafi tare da kowa, idonsa ja.

Lahadi, 30 ga Maris, da yamma

Ni na ja mu muka dawo gida, tun daga tafki har ƙofa. Manyan motoci suna wuce ni Kunkuru yana rawa, ina riƙe da sitiyari kamar zan karya shi, amma na kawo mu.

Na kira mai gidan haya na ce za mu tashi. Na kira Mama na ce ta fito ƙofa ranar Alhamis da safe, za mu biyo ta gabanta, ta duba da kyau ta ga wa ke tuƙi. Ta ce za ta soya mana kaza ta hanya, a tambayi Garrett ko cinya yake so.

Saura abu ɗaya. Haɗa Kunkuru da mota mutum biyu ke yi, ɗaya na baya ɗaya na nuni. Ɗazu muna kwashe kaya Garrett ya ce akwai dabarar da mutum zai yi shi kaɗai, da sanda da ɗan ƙyalle ja a saiti, gobe da safe zai koya min. Ban roƙe shi ba, shi ya kawo maganar.

Ya ce, "Don ki iya ko ba kowa a wurin." Muryarsa ta karye a kan "ba kowa", ya juya yana naɗe igiyar da ta riga ta naɗu.

Na ce to, Allah ya kai mu. Na ce kuma ina fata in koya in iya sosai, in tsufa ban taɓa yi ba.

Ya ce amin, bai juyo ba.